Kunun da Ya Kwana a Ɗakin Baba Sundaram

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, tare da fatan Allah ya yalwata miki makwanci, ina rubuto miki ne daga Alƙahira, daga hawa na biyar na wani tsohon bene a Hadayek el-Ma'adi, inda jirgin metro ke wucewa ya girgiza mana tagogi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Ko da kina raye ma sai an karanta miki. To yanzu ma wasu ne za su karanta, kuma ba zan hana su ba. Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, na kuma gaji.

Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma sai makon jiya na iya ɗaga hannu na roƙa miki gafara. Na faɗa tun da wuri ne don kada mai karatu ya ɗauka mutumin kirki ne ke magana. Salloli biyar ban taɓa bari ba. Amma duk sanda na sallame na buɗe tafin hannu zan ce Allah ya jiƙanki, sai wani abu ya tokare mini maƙoshi, in shafa fuska in tashi. Wanda ya buɗe mini baki ba limami ba ne, ba kuma shehi ba ne cikin shehunnan da suka cika garin nan. Wani tsoho ne Ba'indiye mai bin addinin Hindu.

Sunansa Sundaram. Ƙofarsa na kallon tawa, tsakaninmu taku uku. Injinan saƙa yake gyarawa a wata masaƙa can bayan gari. Ya haura sittin, siriri ne, baƙi ne kuma har ya fi ni duhu. Matarsa Kamala ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'yarsu ɗaya tana aure a Indiya. Larabcinsa bai wuce “tamam” da “ma'alish” ba, wato “daidai” da “a yi haƙuri”, kuma da ma'alish ɗin yake gaisuwa, da ita yake sallama. Ni nake yi masa tafinta wajen mai magani da wajen mai gidan haya. Don sana'ata ke nan, Inna, ki ji tun yanzu: tafinta nake yi wa 'yan ƙasarmu masu zuwa asibiti. In riƙe musu jaka, in gaya wa likita inda ke musu ciwo. A gaban likita Ustaz suke ce mini, in mun fito su aike ni sayen katin waya. Shi ma Sundaram Ustaz yake kirana, sai dai shi har zuciyarsa yake nufi, kuma nasa ya fi yi mini ciwo.

Ranar da zan ba ki labari, da safe na gamu da shi a matattakala, don lif ɗin gidan ya mutu tun kafin in tare. Yana hawa yana haki, hannunsa leda biyu: madara, kindirmo, man shanu, kwalbar zuma, da ɗan ƙunshin furanni. Na karɓar masa ɗaya na ce, “Baba, yau baƙi za ka yi, ko amarya ka samo ba ka gaya wa maƙwabci ba?” Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, “Ma'alish, Ustaz, azumi nake yau. Babbar rana ce a wurinmu.”

Tunda ya ce azumi, ke kika faɗo mini a rai. Kin tuna Malama Rifkatu, ungozomar da ta yi haya a bayan gidanmu? Duk shekara in azuminsu na Kirista ya zo, da yamma sai kin sa an kai mata kunu a rufe. Wata rana Gwaggo ta ce, ai ba azuminmu ba ne, me ya yi miki zafi? Ba ki ko ɗago kai daga tankaɗe ba kika ce, “Yunwar dai irin tamu ce.”

Ban yi wani dogon tunani ba. Na dawo daga asibiti da wuri, na sayi ɗanyar gyaɗa da tsamiya, na jiƙa shinkafa, na markaɗa, na tace, na tsaya a kan tukunya ina juyawa yadda na ga kina yi. Rabona da dama kunun gyaɗa tun kina da rai. Ana kiran magariba na ɗauki kwano da dabino uku a kan murfi, na yi takun nan uku, na ƙwanƙwasa. Ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kai.

Ya buɗe. Ya yi wanka, ya ɗaura farin zane, a goshinsa layi uku na farar toka. Ya dubi kwano, ya dube ni, ya saurari ladanai suna kira ta ko'ina, sai ya gane. Ya rufe baki da hannu yana dariya, idonsa na ruwa.

“Ustaz,” ya ce, “naku ne ke ƙarewa in rana ta faɗi. Namu yanzu aka fara. Sai rana ta fito gobe.”

Kin ga wautata, Inna. Shekara goma sha huɗu a birnin ilimi, ban taɓa tunanin akwai azumin da magariba ba ta kwance shi ba. Na juya zan koma da kwanona, kunya ta rufe ni. Ya riƙe kwanon da hannu biyu ya ce a'a, abin da aka kawo wa mai azumi ba ya komawa, zai jira. Ya kai shi ciki ya rufe. Da ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa yana murza yatsu, irin tsayuwar mai son roƙo yana jin nauyi.

Ya ce sunan daren Maha Shivaratri, wato babban daren Shiva, abin bautarsu. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, a ƙarshen sanyi, daren da wata ya sirance ya kusa ɓacewa, don su ma lissafin wata suke bi. Ana wuni da azumi, a kwana a farke, ba runtsawa. Shekara talatin da biyar shi da Kamala suna raya daren tare, in ɗaya ya fara gyangyaɗi ɗaya ya taɓa shi. Bara ce ta farko da ya yi shi kaɗai. Lokacin gari a rikice yake, ga dokar hana fita, 'yan ƙasarsu da yawa sun tattara sun tafi, ɗakin ibadarsu kuwa a iya sanina babu shi a nan. Ya kai tsakiyar dare, barci ya sace shi a zaune. Sai hasken rana ya gani a kan tabarma, fitila ta mutu. Ya ce shekara guda ke nan abin na cin sa, yana jin kamar Kamala ce ta bar masa tsaron wani abu ya yi sakaci.

Na ce, “To ka saita agogo mana, Baba.”

Ya ce, “Agogo wanda ya riga ya yi barci yake tashi. Ni so nake kada in yi.”

Na gane me yake roƙo. Na faɗa masa gaskiya a miƙe: ni Musulmi ne, ba zan shiga ɗakin ba, ba zan taɓa komai ba, ba zan amsa masa ko kalma ɗaya ta ibadarsa ba. Ya gyaɗa kai tun ban rufe baki ba. “Wa ya ce ka shigo? Ka zauna a ƙofarka, in bar tawa a buɗe. In ka ga kaina ya sunkuya ka yi mini surutu. Ai ka iya surutu, sana'arka ce.”

A nan zan ɗan juya ga masu leƙen wasiƙar nan ta kafaɗata, ki yi haƙuri, Inna. Na san cikinku akwai ƙannena ɗalibai da za su ce Ustaz Sani ya kwana gadin gunki. Ku faɗa. Na san tauhidina, ba a shi na faɗi jarrabawa ba. Ban yarda da abin da tsohon nan ya yarda da shi ba, shi ma ya sani, bai kuma nemi in yarda ba. Maƙwabcina ne ya ce yana tsoron barci, ni kuma dama barcin ba ya zuwar mini. Shi ke nan.

Bayan isha'i na fito da kujerar roba da bargo na zauna a ƙofata. Fitilar matattakalarmu irin marowaciyar nan ce, ka danna ta kama, bayan minti biyu ta mutu da kanta. Na gaji da dannawa na bar ta. Hasken da ya rage sai na wata 'yar fitilar mai da lagwani da ya kunna a gabansa.

Na zaci zan ga wani ƙaton abu mai ban tsoro. Ɗan baƙin dutse ne santsi, bai fi ƙwan agwagwa ba, a zaune cikin farantin tagulla mai ɗan baki kamar na buta. Ya ce na mahaifinsa ne, a aljihu ya shigo da shi ƙasar nan. Daren sun kasa shi huɗu, kowane kaso kamar awa uku, kuma kowane kaso da wankansa. Na farko da madara, na biyu da kindirmo, na uku da man shanu, na ƙarshe da zuma, ana ɗauraye dutsen da ruwa a tsakani. Da na ga ya ɗauko madara na ce a raina, ga ɓarna, a garin da mutane ke layin burodi tun asuba. Sai na ga da ƙaramin cokali yake zubawa, ɗigo-ɗigo, abin da ya gangaro kuma yana tarewa a kofi, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Na ji kunyar zargina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ganye ne. Akwai wata bishiya a ƙasarsu mai ganye uku-uku a reshe guda, da shi ake rufe dutsen, kuma ba ta fitowa a nan. 'Yarsa ce ta aiko masa da busassu a cikin ambulan, an danne su tsakanin takardu. Tara suka iso lafiya, sauran sun rududduge a hanya. A garinsu, in ji shi, da kwando ake zubawa. Shi kuwa ya jera taran nan ɗaya bayan ɗaya, da yatsa biyu kamar mai ɗaukar jariri. In kaso ya ƙare ya kwashe su, ya yayyafa musu ruwa, ya ajiye don kaso na gaba. Tsakanin wanka da wanka yana zaune ya miƙe baya, da carbi na wasu 'ya'yan itace masu kaushi, yana maimaita kalma ɗaya gajera ƙasa-ƙasa. Lokaci-lokaci ya kaɗa 'yar ƙararrawa. Ba mai ganinsa, ba mai yaba masa. Na tuna yadda wasunmu ba sa iya tashin dare sai da lasifika, don unguwa ta san sun tashi. Ni da ba na tashin ma ban da bakin magana, amma na tuna.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai gadin gidan, Am Sayyid, wani tsohon Bamisire daga kudancin ƙasar, ya hauro yana tari don ya ga dalilin ƙofofi biyu a buɗe. Ya tsaya ya dubi nan ya dubi can.

“La ilaha illallah. Ba'indiye na yi wa dutse wanka, Ustaz na gadi. Shekara talatin ina ƙofar gidan nan, sai yau na sami labarin kai wa mutanen garinmu.”

Ya sauka yana mita. Can sai ga shi da 'yar na'urar ɗumama ɗaki tasa ta kansa, ya jona a ɗakina ya ajiye ta tsakanin ƙofofin biyu. “Ku dai kada sanyi ya kashe mini ku a sama. Lif ba ya aiki, ba ni da bayan sauko da gawa biyu.”

A kaso na biyu ne na tambayi Sundaram dalilin hana ido barci, don in sa shi magana. Ya ce dalilan suna da yawa, kowane yanki da wanda ya fi riƙewa, amma ga wanda Kamala ta fi so. A labarinsu, a farkon zamani an burka teku ana neman ruwan rai, sai dafi ya fara tasowa, dafin da zai ƙone duk abin da ke numfashi. Kowa ya ja da baya. Shiva ya tara hannu ya kurɓe shi. Amma bai haɗiye ba, don in ya haɗiye ya halaka abin da ke cikinsa. Bai kuma tofar ba, don in ya tofar duniya ta ƙone. A maƙogwaro ya riƙe shi, har wuyansa ya koma shuɗi. Sauran kuwa suka zauna kewaye da shi har gari ya waye, don kada barci ya ɗauke shi dafin ya wuce.

Na ce, “To me suka yi masa? Sun rage masa dafin?”

Ya ce, “Ba su iya ba. Zama kawai suka yi.” Ya gyara lagwani. “Kamala takan ce yawancin abin da mutum zai iya yi wa mutum ke nan.”

Labarinsu ne, Inna, ba nawa ba. Amma hannuna ya kai wuyana ban sani ba.

Kaso na uku shi ne mugun, daga tsakar dare zuwa wajen ƙarfe uku. A nan barci ya kayar da shi bara. Ya yi wankan man shanu, ya jera ganyensa, ya koma carbi. Ba a daɗe ba na ji muryar na yin ƙasa, na ga kan na sunkuyawa. Na ce, “Baba!” Ya zabura. Na fara zuba. Na yi masa hirar tsadar tumatir da ta ƙwallo, na yi masa labarin wani alhaji da na kai a cire masa haƙori ya ce sai an nuna masa haƙorin ya ƙirga saiwarsa. Ya yi dariya, bayan minti goma kan ya sake sunkuyawa. Na yi masa hirar direbobin ƙananan bas na unguwar Giza. Ya sake sunkuyawa. Labaraina suka ƙare kaf. Saura guda ɗaya, wanda ban taɓa ba kowa ba. Na dubi tsohon nan yana kokawa da idonsa kamar ransa ne a kai, sai na ji bakina ya fara da kansa.

Ga abin da na gaya masa, da guntun Turanci da guntun Larabci. Gara ki ji shi da Hausa.

A shekarata ta huɗu a nan na faɗi jarrabawa sau biyu a jere, aka yanke mini tallafin karatu, aka cire sunana. Ban gaya wa kowa a gida ba. Ni ɗan farinki ne, ba kya kiran sunana, ba kya yi mini magana kai-tsaye. In na bugo waya, ƙanwata Hadiza ce ke riƙewa, ke kina gefe kina wani aikin kamar ba ki damu ba. Sai can in jiyo muryarki daga nesa: “Tambayi mutumin Masar ko sun kusa sauka.” Ni kuma in ce, “Gaya mata saura kaɗan.” Shekara bakwai ina cewa saura kaɗan. Na san kunya ba za ta bar ki ki karɓi wayar ki ce, kai, gaya mini gaskiya ba. A bayan kunyarki na ɓuya, Inna. Abin da kika yi don mutunta ni, shi na mayar mafaka. Da Hadiza ta bugo ta ce kin cika, takardun zamana sun mutu, in na fita ba dawowa, kuma in na koma da me zan shiga gari? Ban zo ba. Aka binne ki, a zatona, kina jiran malami. To da wace fuska maƙaryaci zai tsaya gaban Allah ya ambaci wadda ya yi wa ƙaryar?

Da na gama, Sundaram ya farka sarai. Na jira ya ce ma'alish. Karo na farko tun da na san shi, bai ce ba. Ya juya carbinsa. Sannan ya ce, “Karatun nan naku shekara nawa ne a ƙa'ida?” Na ce huɗu, in da koyon harshe biyar ko shida. Ya ce, “Mahaifiyarka ta iya ƙirga kwanan wata?” Na ce duk unguwa ita ake tambaya yau nawa ga wata.

“To matar da ba ta ɓatar da kwana ɗaya a wata, ita ce za ta ɓatar da shekara bakwai? Ustaz, kai kana ganin ka ɓuya a bayanta. Ni ina ganin ita ce ta tsaya a gabanka ta baza zane.”

Na ce bai san ki ba. Ya ce haka ne, amma ya yi zama da uwa shekara talatin da biyar. Ya nuna wuyansa da yatsa. “Namu ya riƙe nasa don shi zai iya. Kai maƙogwaronka na nama ne. Ba wanda zai ƙone in ka fitar.”

Lokacin kaso na huɗu ya yi. Ya wanke hannu, ya ɗiga zuma, ya jera ganyen tara da suka fara yagewa. Can ya waiwayo ya ce, “Ba ka ce mini wannan ne lokacin da mahaifiyarka take tashi ba?” Na faɗa masa a cikin surutuna, na ma manta. Yadda nakan farka in ji ƙarar buta a tsakar gida, in hango inuwarki a kan buzu, kina raɗa sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne kaɗai kike tsallakewa, ki ce “da wancan.”

“Tashi,” in ji shi. “Ka tsare ni kaso uku. Wannan ni zan tsare ka. Je ka yi naku.”

Ruwan famfo kamar ƙanƙara. Na yi alwala haƙorana na haɗuwa. Na shimfiɗa darduma a cikin ɗakina, na fuskanci alƙibla, ƙofa a buɗe a bayana. Ina tayar da kabbara na lura da wani abu: ƙararrawar ta yi shiru. Dare guda yana kaɗa ta, amma tun daga kabbarata har sallamata bai taɓa ta ba, muryarsa ma ya mayar da ita ciki. Daren da yake jira shekara guda, a kason da ya fi kowanne daraja a wurinsa, ya rage nasa don kada ya shiga cikin nawa. Ban roƙe shi ba. Na zauna da malamai, na yi wa attajirai hidima, ban cika ganin ladabi irin wannan ba.

Na yi raka'a biyu. Na buɗe hannu. Abin ya taso ya tokare kamar kullum. Na ce a raina yau ko zai shaƙe ni sai na faɗa. Na ce, ya Allah, na yi wa uwata ƙarya shekara bakwai. Da ƙarfi na faɗa, da Hausa. Daga nan sauran ya ɓalle. Na ce Allah ka jiƙan Inna, na sake cewa, na yi ta cewa, ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da Hadiza ta bugo. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, sai da ladanin masallacin ƙasan layinmu ya yi gyaran murya a lasifika.

Da na dawo daga sallar asuba yana nan zaune, idonsa ja, bayansa a miƙe. Muka jira tare. Hasken ya fara sauka a kan rufin gidajen da ke tsallaken layin dogo, jirgin farko ya wuce ya girgiza tagogi. Ya leƙa ya ga rana da idonsa, ya haɗa tafukansa a goshi, ya daɗe a haka. Ya kwashe ganyen ya mayar ambulan. Ya ce, “Tamam. Na tsare wa Kamala daren har ƙarshe.”

Ya shiga ya yi wanka. Sai ga shi da kwanona. Kunun ya kwana ya daskare, cokali na tsayawa a ciki. Ya ƙara ruwa ya ɗumama, ya zuba kofi biyu, muka zauna a matattakala, kowa a gefen ƙofarsa. Kafin ya kai baki ya tsaya. “Ba nama a ciki? Ba ƙwai? Ba albasa?”

Na ce, “Haba Baba, kunu ne. Wane mahaukaci ke sa albasa a kunu?”

Ya ci dabino ɗaya, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya sake kurɓa. Ya ce, “Tsamiya ta yi yawa. Ban taɓa shan na mahaifiyarka ba, amma na san ta fi ka iyawa.” Ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara.

Ran nan da yamma na bugo wa Hadiza na gaya mata komai. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, “Yaya, ai har 'yan goyo sun sani. Tun shekarar da wani ɗalibi ya dawo ya faɗa. Inna ce ta tara mu ta ce duk wanda ya tambaye ka ba ta yafe ba, a bar ka da mutuncinka ka dawo ranar da ka iya.” Sannan ta wanke ni tas, yadda ƙanwa ba ta saba yi wa yaya ba, kuma na cancanta.

Ashe duk sanda kika ce a tambayi mutumin Masar ko sun kusa sauka, ba karatu kike tambaya ba. Ni kike tambaya.

Na fara bin layin gyara takarduna. Za a wahalar da ni, na san garin nan, kuma ba zan ce miki saura kaɗan ba, na daina faɗin wannan. Amma zan zo, in Allah ya yarda, ba rawani ba takardar shaidar karatu, in durƙusa a gefen kabarinki. Sundaram ya ce in na tashi in bar masa yadda ake dama kunun a rubuce, kuma in rage tsamiya.

Allah ya jiƙanki, Inna. Kin ji yadda yake fita yanzu ba tare da ya tsaya a hanya ba. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya rufa miki asiri ranar tsayuwa yadda kika rufa mini. Tsohon da ke taku uku daga ƙofata kuma, Allah ya ba shi lafiya, kada ya bar shi shi kaɗai a darensa, ya yi masa sakayya da shiriya yadda Shi kaɗai ya san ya dace. Amin.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Mutumin Masar.